Shekara 3 ina kiwon jarumi, dare ɗaya suka mayar da shi ɗan dako

Ranar Asabar da ta wuce, wajen ƙarfe 11 na dare, mu 12 muna cikin kogon ƙarshe na wani wasan yaƙi na intanet da muke bugawa a waya, kowa da jaruminsa. Minti 40 muna fafatawa da dodon nan, jininsa saura ɗan siririn layi kamar zare. Ni ne mai magani a rundunarmu, aikina in tsaya a baya, duk wanda aka jikkata a 'yan gaba in ɗora masa rai. Ina zaune a shagona na gyaran waya a Terminus, na ja ƙofa, na ƙudundune cikin rigar sanyi, don hunturun Jos ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Sai ɗif, aka ɗauke wuta. Wayata da caji, amma na'urar intanet ɗin shagon a jikin soket take. Kafin in kunna datar layina in sake shiga, minti ɗaya da rabi ya wuce.

Na tarar an karkashe mutanena kaf. Ga kuma jan rubutu ya cika fuskar waya, wai na gudu daga fagen fama, don haka awa 24 ba ni ba shiga kogo, an kuma zabge mini maki 300 na mutunci. Gudu! Ni da na bar tuwo yana hucewa a gida saboda yaƙin nan?

Da ba haka dokar take ba. Idan layinka ya yanke, ana ba ka minti 5, kwamfuta ta riƙe maka jarumi har ka dawo. Sabuntawar da kamfanin wasan ya yi watan jiya ce ta share wannan, wai saboda masu sulalewa in sun ga za a ci su. Na yarda akwai irinsu, na kuma san mai ha'inci zai iya kashe datarsa da gangan. To, a duba tarihin mutum mana. Wanda ya dawo a guje cikin minti 2 yana neman a mayar da shi bakin daga, shi ne matsoraci? Duk wanda ya rubuta wannan doka, na rantse bai taɓa jin unguwa ta ɗauki ihun "an kawo wuta" ba.

Ita kanta sabuntawar gigabait 6 ce. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, kowa ya san yadda ake lallaɓa gigabait ɗaya. Na jira tsakar dare na sauke ta, ta katse sau biyu, kuma duk katsewa daga farko take komawa. Da kuɗina na sayo wa kaina wulaƙanci.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne sandata, wato sandar jarumina a cikin wasan. Wata 8 na yi ina haɗa ta. Akwai wani dutse da sai ka kashe dodo guda sau tari kafin ya faɗo, ga gashin tsuntsun da ba ya fitowa sai sau ɗaya a mako, sannan ka kai wa maƙerin cikin wasan, shi ma yakan ɓata aikin ka koma tushe. Tsakanin kwastoma da kwastoma nake yi, wani lokacin ina riƙe da ƙarfen narka dalma a hannu ɗaya. Ranar da ta kammala, shugaban rundunarmu, wani tela ɗan Anguwan Rogo, har shayi da burodi ya saya mana. Sai ga sanarwa mai taken "daidaita ƙarfi": an rage wa sandata kusan rabin amfaninta. A shafi na gaba kuma ga sabuwar sanda tana walƙiya, ta ninka tawa ta da. A wane kogo ake samunta? Babu. A akwatin sa'a take.

Ga wanda bai sani ba, akwatin sa'a shi ne ka biya kuɗi na gaske, a buɗe maka, abin da ya fito shi ne rabonka. Buɗewa ɗaya dala 1, kuma a can ƙasa da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero sun ce damar samun sandar kashi 1 ne cikin 100. Mutane na ɗauka in ka buɗe 100 dole ka samu. Ina! Ɗauki kalkuleta ka buga 0.99 sau kansa har sau 100, za ka ga wajen 0.37. Ma'ana a cikin mutum 100 da kowannensu ya zuba dala 100, kusan 37 za su tashi da tarkacen takalmi da kwalaben magani. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, bayan an saki naira a watan Yunin shekarar ta yi ta hawa har ta haura 1,500 a 2024. Lissafa da kanka. Kuɗin buhun shinkafa ne da ragowa, a kan sandar da ba za ka iya korar akuya da ita ba.

Mu kira abu da sunansa, wannan caca ce. Ba ni na fara faɗa ba. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatuna na kuɗi caca ne, har wasu manyan kamfanoni suka cire su daga wasanninsu a ƙasar. Tun 2012 Japan ta hana wani salo nasa, wanda sai ka tara jerin kaya ta hanyar sa'a kafin a ba ka babbar kyauta. Sin ta tilasta bayyana alƙaluman damar ci a 2017, Apple ya sa wa wasannin da ke shagonsa na manhajoji wannan sharaɗi a ƙarshen shekarar, Google ya bi sahu a 2019. Wato ko ɗan rubutun ƙwayar geron nan ba don Allah suka sa shi ba, dole aka yi musu. Mu nan kuwa wa zai tsaya mana? Yaron shagona, bai fi shekara 17 ba, na kama shi ya zuba kuɗin cajin waya na kwana 3 a ciki. Da na tsare shi sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Oga, wallahi saura kaɗan ta fito." Haka duk ɗan caca yake cewa.

Ana wata ga wata. Da 'yan wasa suka ragu, sai kamfanin ya haɗe sabarmu ta Turai, wato babbar kwamfutar da wasanmu ke gudana a kanta, da ta gabashin Asiya. Dama saƙonmu sai ya tashi daga Jos ya je Legas, ya bi wayar ƙarƙashin teku kafin ya isa Turai, yanzu an ƙara masa wata uwa duniyar. Ka danna magani, ka ƙyafta ido, sannan jarumi ya ɗaga hannu, lokacin wanda za ka ceta ya riga ya sheƙa. Babban yaƙin runduna da runduna kuma suka sa shi ranar Juma'a ƙarfe 8 na dare agogon Sin. Sun riga mu da awa 7. Ƙarfe 1 na rana ke nan a nan, daidai lokacin da mutum ke ɗaukar darduma zai nufi masallaci. Rashin halarta sau 3 a jere, a ƙwace wa runduna gidanta. Namu ya tafi makon jiya, gidan da muka shekara 2 muna ginawa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: mu da muka raya wasan tun ba kowa, mu ne yanzu abin gwajin takobin masu dala.

Na rubuta musu ƙorafi, dogo, har da hoton lokacin da layina ya yanke da lokacin da na dawo. Cikin daƙiƙa 10 amsa ta iso, ka san ba ɗan Adam ne ya karanta ba. Wai suna godiya da ƙaunata ga wasan, in tabbatar ina da intanet mai ƙarfi kafin shiga kogo. A ƙasan wasiƙar kuma ga tallar akwati, an yi rangwame, 11 a kuɗin 10.

Jiya da yamma telan ya biyo ta shago, ya jingina da kanta yana kallona ina ɗaga gilashin wata waya. Ya ce, "Malam, daren Asabar fa za mu sake gwada dodon. Mutum 5 sun bar mu, in babu mai magani ba ma sai mun shiga ba."

Na ce masa sandata ta zama muciya.

Ya ce, "Ka zo da muciyar. Zan kawo ƙaramin janaretana, kai ka sayi mai lita ɗaya."

Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Galan ɗin dai yana nan ƙarƙashin benci.