Ranar da Na Fita Neman Natsuwa

Wayoyi uku gare ni. Ɗaya ta kwastomomi, ɗaya ta gida, ɗaya kuma ta gudun masu bina bashi, wadda su ma sun riga sun samo lambarta. Ina sayar da caja da gilashin waya da sauran tarkace a kasuwar Farm Centre, kuma duk wanda ya san kasuwar nan ya san ba wurin da mutum zai ji bugun zuciyarsa ba ne. Janareto na kuka, masu gwada sifika na gasa, yara na jan rigar mutum suna "Alhaji saye ko sayarwa?" Shekara goma sha ɗaya ina cikin wannan hayaniya, har ta kai ko tuwo nake ci hannun hagu na kan waya.

Ciwon kai ne ya kai ni asibiti. Likita ya ɗaura mini abin awo a dantse, ya matsa, ya duba, ya sake matsawa. Ya ce 165 bisa 100. Na ce to madalla, don ni a kasuwa lamba in ta hau alheri ce. Ya cire tabarau ya ce lafiyayyen mutum wajen 120 bisa 80 ake so, kuma daga 140 bisa 90 an shiga hawan jini. Yana cikin bayani wayar kwastomomi ta yi ƙara, na ɗauka. Na ajiye, ta gida ta kama. Da ta ukun ta fara sai ya miƙo hannu ya karɓe ta ya kife a kan tebur.

"Malam, ina za ka ne kake wannan sauri?"

Na rasa amsa. Ya rubuta magani, ya ce a rage gishiri da dunƙulen miya, a riƙa tafiyar ƙafa ko ta minti talatin ce a rana, a kuma sami lokacin da za a kashe waya a zauna shiru a saurari numfashi. Na ce numfashin wa? Ya ce nawa.

Maganar ta zauna mini. Ranar Juma'a da dare na yanke shawara: gobe Asabar ba kasuwa, ba waya. Zan je Dutsen Dala in hau matakalar nan da ake cewa 101 ce, in zauna a sama in kalli Kano kamar yadda Barbushe ya kalle ta, lokacin da ba wanda ke kiransa ya tambayi farashin caja. An haife ni a garin nan, na kai shekara arba'in, ban taɓa hawa Dala ba. Ban gaya wa uwargida ba, don na san abin da za ta ce: kai da ko sallar nafila kake yi da waya a aljihu?

Da na dawo daga sallar Asuba na ɗan kishingiɗa, wajen bakwai da rabi na tashi. Na kashe wayoyin nan uku, na jera su ƙarƙashin matashin kai kamar ƙwai. Na bar walat, don a ganina mai neman natsuwa ba ya yawo da katin banki. Naira ɗari biyar kawai na sa a aljihu ta shayi. Na sa farar shaddata, wadda nake zuwa ɗaurin aure da ita. Sannan na yi wa likita ɗan ha'inci: daga Unguwa Uku zuwa Dala a ƙafa ai sai a ɗauko ni a makara, don haka na tura babur ɗina waje a hankali, sai da na bar layinmu na tayar da shi.

Jama'a, ban taɓa ganin Titin Zariya haka ba. Ba tirela, ba a-daidaita-sahu mai yanko gabanka ba sigina, ba hayaƙi. Ina tafe a giya ta biyu, iska na kaɗa shaddata, har kukan kurciya nake ji. Na wuce Gyaɗi-Gyaɗi ina cewa a raina, ikon Allah, ashe likita ya yi gaskiya. Ashe duk hayaniyar Kano a cikin kaina take. Ka ga daga kashe waya gari ya yi tsit. Har na ga mutane a ƙofar gidajensu da tsintsiya da shebur, na ce ka ga bayin Allah masu natsuwa, na ɗaga musu hannu. Wani dattijo ya bi ni da kallo yana girgiza kai, na ɗauka sha'awa nake ba shi.

Kafin in kai Ƙofar Nassarawa sai ga benci an gindaya a titi, ga mutane da riguna masu ƙyalli. Ɗaya ya ɗaga hannu, na tsaya da murmushi na yi masa sallama mai tsawo. Ya amsa a taƙaice, ya zare makullin babur.

"Alhaji, yau wace rana?"

"Asabar."

"Wace Asabar?"

Nan take natsuwar ta zube. Asabar ɗin ƙarshen wata. Tsaftar muhalli. Daga bakwai zuwa goma na safe ba zirga-zirga, abin da ko ɗan firamare ya sani. Ni ma na sani, sai dai kullum waya ce ke tuna mini, don tun daren Juma'a ake ta turo sanarwa a zauren WhatsApp na 'yan kasuwa, ni kuwa daren nan ina can ina shirin zama waliyyi ban buɗe ba.

Aka kai ni gindin wata darbejiya inda kotun tafi-da-gidanka ke zaune. Tebur ɗaya, kujera biyu, da dogon benci na masu laifi. Aka yanka mini tara. Na laluba aljihu na fito da ɗari biyar ɗita, mai rubuta rasit ya kalle ta ya kalli shaddata. Ya ce ba komai, ana karɓar taransfa. Na ce ba ni da waya. Duk bencin suka juyo. Wani direban a-daidaita-sahu ya ce, "Allah sarki, ƙwace maka aka yi?" Na ce a'a, ni na ajiye ta da kaina. Ya matsa gefe kaɗan.

Mai rasit mutumin kirki ne, ya miƙo mini tasa ya ce in kira gida. Na riƙe waya na tsaya. Ni da nake sayar da kayan waya shekara goma sha ɗaya, lamba biyu kacal na haddace a duniya: tawa, wadda ke kashe ƙarƙashin matashi, da ta wata yarinya da na nema a 2008 kafin in auri uwargida. Na daɗe ina kallon madannan. Na mayar masa da abarsa na ce ba sabis.

Sai zama. Kusa da ni wani tsoho ne da aka tare shi da akuya biyu ɗaure a bayan keke. Ko a jikinsa. Ya ciro goro daga aljihu, ya warware ganyen, ya sa 'yar wuƙa ya raba shi biyu, ya kankare ɗan baƙin da ke gefe, ya ba ni rabi. Ya ce, "Ɗana, tun ɗazu ƙafarka ke rawa. Sauri ya haifi nawa." Na ce Baba ai ni saurin na fito gudu. Ya ce to ga shi ka samu.

Abin haushin shi ne ya yi gaskiya. Hannuna ya kai aljihu ya fi sau ashirin yana neman wayar da ba ta nan, har cinyata na ji tana zuu kamar an kira. Da hannun ya gaji sai na fara kallon wani jan gwada a jikin katanga. Ya ɗaga kai ya sauke sau uku, ya tsaya, ya zuba wa wani ƙuda ido, bai motsa ba har na ƙosa a madadinsa, sannan caraf. Rabon da in kalli ƙadangare tun ina makarantar allo. Na ji ɗacin goro ya juye zaƙi a bayan harshe, abin da ban taɓa lura da shi ba don kullum taunawa nake ina ciniki. Har numfashin da likita ya ce na ji. Yana fita da ɗan fito, kamar tayar da ta yi faci.

Wajen tara da kwata aka ce wanda ba shi da kuɗin tara ya tashi ya yi aiki. Aka ba ni shebur aka nuna mini kwata. Ba zan tsawaita a nan ba. Ledar ruwa ce da robar lemo da baƙar laka mai warin da ke shiga har cikin haƙori, ni kuma ga ni cikin farar shadda na naɗe ƙafar wando zuwa gwiwa. Na tsinci murfin waya guda biyu a ciki, irin wanda nake sayarwa.

Abin da ke faruwa a gida kuwa sai daga baya na ji. Uwargida ta kira layi na ɗaya, a kashe. Na biyu, a kashe. Da na ukun ma ya ce a kashe sai ta ɗora hannu a ka, don tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa jin haka ba. Ta kira ƙanena, shi kuma bai yi wata-wata ba ya sa hotona na ranar aure a Facebook da zauren unguwa, ya rubuta cigiya. Aka ɗauko Hajiya. Ana cikin koke-koke uwargida ta ɗaga matashi ta ga wayoyi uku a jere, ga walat. Hajiya ta duba ta ce wannan ba aikin ɓarayi ba ne. Mutumin da ke shiga wanka da waya a leda, ya fita ya bar uku? Gamo ya yi. A kira malam.

Goma da 'yan mintuna, hanya na buɗewa, wani ya saka hoto a ƙarƙashin cigiyar: ni ne tsulum cikin kwata da shebur, ina kallon sama. Ya rubuta, "Ba wannan ba ne?" Hajiya da aka nuna mata ta ce ai ga shi nan, sun kai shi juji.

Na iso gida wajen sha ɗaya, Dala ko daga nesa ban hango ba. Tsakar gida cike da mata, hayaƙin habbatussauda ya turnuƙe, malam na zaune a kan darduma. Hajiya ta riƙe ni tana tofa mini addu'a tana toshe hanci. Malam ya ce in zauna, ya tambaye ni a hankali me ya fitar da ni.

Na ce, "Allah gafarta Malam, na fita ne in hau Dala in saurari numfashina."

Ya juya ya kalli Hajiya. "Dala," in ji shi. "Hajiya kin ji ko? Su ne."

Na buɗe baki zan kawo zancen likita, Hajiya ta ce in rufe mata baki, ba ni ke magana ba. Aka kwantar da ni a tabarma, malam ya dafa kaina ya fara karatu. Muryarsa mai sanyi, ga gajiyar shebur, ga ba abin da ke ƙara a aljihuna. Ban san inda aka kai ba. Sai kiran sallar La'asar na ji, na farka an lulluɓe ni da zanen uwargida, kaina wasai, ciwon nan ya tafi. Malam ya riga ya tafi da tukuicinsa, an ce ya ce masu taurin kai ne amma sun fita.

Hajiya na zaune a gefena da wayoyin nan uku a cinyarta, ta sa ƙanena ya kunna su duka. Ta miƙo mini ɗaya bayan ɗaya ta ce in ta ƙara jin an ce ɗaya a kashe take, ban da ita ban da ni. Ta ukun na shiga hannuna ta fara ƙara. Mai bina kuɗin gilashi ne, ya ce ya ga cigiya hankalinsa ya tashi, yana so ya ji ko ina nan da rai kafin Litinin.