Numfashin bakwaini: gwajin da ake rubutawa da wanda ba a rubutawa

Ka ce wa uba za a sa jaririnsa bakwaini cikin binciken likitoci, kuma kwamfuta ce za ta jefa ƙuri'ar irin taimakon numfashin da za a ba shi, ka san amsarsa tun bai buɗe baki ba: ɗana ba ɓeran gwaji ba ne. Ban ga laifinsa ba. Yaro na cikin kwalba, ƙirjinsa na lotsawa duk numfashin da ya ja, uwa ba ta gama dawowa hayyacinta ba, sai ga takarda mai shafuka ana neman sa hannu. Wa zai so a yi masa zancen ƙuri'a a wannan hali?

Duk da haka, ni a ganina irin wannan bincike ƙara shi ya kamata a yi. A duk inda likitoci ba su tabbatar da hanyar da ta fi ba, jaririn da ba a sa a bincike ba shi ma gwaji ake yi da shi. Sai dai nasa gwajin ba mai rubutawa, ba mai ƙirga waɗanda suka rasu, ba kuma wanda ya nemi izinin iyayensa. Abin da zai samu ya dogara ne ga asibitin da aka haife shi, da malamin da ya koyar da likitan da ke bakin aiki a daren. Kuma ba jarirai kaɗan ake magana ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an haifi jarirai miliyan 13.4 kafin cikinsu ya cika mako 37.

Labarin iskar oksijin kaɗai ya isa hujja. A shekarun 1940 asibitocin ƙasashe masu hali suka samu kwalaben jarirai da ke riƙe iska sosai, aka shiga ɗura wa bakwaini oksijin ba ƙaƙƙautawa. Ido ya ga amfani: yaro ya daina shuɗewa, numfashi ya daidaita. Ba wanda ya ga dalilin gwaji, tunda abu ne a fili. A 1942 wani likitan ido a Boston, Theodore Terry, ya ba da rahoton wata sabuwar makanta a jikin bakwaini, kuma kafin a gano bakin zaren, an ƙiyasta yara kusan 10,000 sun makance a duniya. An zargi haske, an zargi bitamin, an zargi madara. Sai a 1951 Kate Campbell a Melbourne ta lura cewa asibitin da ya fi wadatar oksijin shi ya fi yawan makafi. Da Arnall Patz ya gwada rage iskar ga wasu jarirai a Washington, ma'aikatan jinya sukan lallaɓa da dare su ƙara musu, don a ganinsu rashin imani ne a hana jariri iska. Da kyakkyawar niyya suke yi, kuma ita niyyar ce ke cin idon yaran. Babban gwajin da asibitoci 18 suka yi a Amurka tsakanin 1953 da 1954 shi ya raba gardamar.

Da a nan labarin ya tsaya, da sauƙi. Amma gwajin yana da gurbi: sai jariri ya kwana biyu da rai ake sa shi a ciki, alhali a waɗannan kwana biyun ne ciwon huhu ya fi kisa. Asibitoci suka ɗauki darasin da zafi, aka kafa dokar kada oksijin ya wuce kashi 40 cikin ɗari, ko da yaro ya shuɗe. Makanta ta ragu, kowa ya yi murna. Sai a 1973 Kenneth Cross a Ingila ya zauna da alƙaluman mace-mace, ya ƙiyasta cewa duk yaro ɗaya da aka tserar da idonsa, an rasa jarirai kusan 16. An gudu ba a tsira ba. Shekara kusan ashirin ana aiki da dokar da ba wanda ya gwada ta, kuma ba uban da aka miƙa wa takarda ya sa hannu.

Mai karatu zai so ya san me ke hana bakwaini numfashi tun farko. Duk wanda ya taɓa hura balan-balan ya san hurin farko ne mai wuya. Da ya ɗan kumbura, sauran sauƙi ne. Huhu cike yake da ƙananan jakunkunan iska, kuma akwai wani maiƙo da jiki ke shafa musu daga ciki, safaktan, wanda ke hana su manne wa juna idan an fitar da numfashi. Mary Ellen Avery da Jere Mead suka gano a 1959 cewa huhun bakwainin da ciwon ya kashe ba shi da wannan maiƙo. Shi bakwaini kowane numfashinsa hurin farko ne, har ya gaji. Ciwon bai san mai mulki ba: ɗan shugaban Amurka John Kennedy, da aka haifa a watan Agustan 1963 saura mako biyar da 'yan kwanaki cikinsa ya cika, bai cika kwana biyu a duniya ba. Yau jariri irinsa, a asibitin da ke da kayan aiki, da wuya ya mutu.

Abin da ya kawo wannan sauyi ba ƙwaƙwalwar mutum ɗaya ba ce. Na'urar da ke tura iska ta bututun maƙogwaro ta ceci rayuka, amma a 1967 William Northway ya nuna tana barin tabo a huhu mai daɗewa. A 1971 George Gregory a San Francisco ya zo da dabara mai sauƙi: a bar yaro ya yi numfashi da kansa, a riƙa tura masa iska mai ɗan matsi ba yankewa don jakunkunan su zauna a buɗe. Ita ce CPAP. A 1980 Tetsuro Fujiwara a Japan ya ɗiga wa jarirai 10 safaktan da aka tace daga huhun shanu. To wanne za a fara da shi, bututu da safaktan ko CPAP ta hanci? Manyan asibitoci suka rabu gida biyu, kowa na yabon hanyarsa shekara da shekaru, har sai da gwajin COIN na 2008 da na SUPPORT na 2010 suka nuna cewa ko ƙanana sosai ana iya farawa da CPAP, da yawansu ma ba sa bukatar bututun. Haka kafeyin, sinadarin nan na cikin gahawa: an daɗe ana ba bakwaini don kada su manta da numfashi, sai gwajin Barbara Schmidt na 2006 a kan jarirai sama da 2,000 ya nuna yana rage ciwon huhu mai daɗewa daga kashi 47 zuwa 36 cikin ɗari. Shi kuwa maganin deksametason da aka yi ta ba jarirai bayan haihuwa a shekarun 1990 don a cire su daga na'ura da wuri, bin sawun yaran ne ya tona cewa yana ƙara larurar ƙwaƙwalwa mai shanye gaɓoɓi. Likitan da ke kallon yaro mako biyu a sashensa ba yadda zai ga abin da ba ya bayyana sai yaro ya fara tafiya.

Masu adawa suna da hujja mai nauyi, kuma daga SUPPORT ɗin take. Gwajin, wanda ban da CPAP ya duba ma'aunin oksijin, ya ɗauki jarirai 1,316 da aka haifa tsakanin mako 24 da 27. A lokacin, abin da aka saba shi ne a riƙe ma'aunin oksijin na jini tsakanin 85 da 95, kowane asibiti da inda ya fi karkata. Sai aka raba yaran: wasu 85 zuwa 89, wasu 91 zuwa 95. Mummunan ciwon ido ya ragu a rukunin ƙasa, kashi 8.6 maimakon 17.9, amma mutuwa ta ƙaru, kashi 19.9 maimakon 16.2. A 2013 ofishin gwamnatin Amurka mai kare mutanen da ake bincike da su ya rubuta wa Jami'ar Alabama da ke Birmingham, wadda ta jagoranci aikin, cewa takardun izinin ba su fayyace wa iyaye haɗarin ba. Aka yi ta cacar baki. Masu binciken suka ce duk ma'aunin biyu cikin abin da ake yi kullum suke, kuma ba wanda ya san sakamakon kafin a yi.

Ni ina ganin kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya, ya ƙi sakin rabin ƙarya. Gwajin ya wajaba. Kafin shi asibitoci da dama sun fara sauka zuwa ƙaramin ma'auni don kare ido, ba tare da sanin abin da ake biya ba. Da aka haɗa shi da gwaje-gwaje huɗu irinsa a 2018, jarirai 4,965, sakamakon mutuwar ya tabbata, kuma asibitoci sun koma sama. Amma wanda ya san tarihin 1950 ba zai ce bai taɓa zaton rage oksijin na iya taɓa rai ba. Ya kamata a faɗa wa iyaye ƙarara: ba mu san wanne ya fi ba, wani na iya cin ido, wani na iya cin rai, shi ya sa muke gwadawa, kuma in kun ƙi, likitanku zai zaɓa ne shi ma ba da sani ba. Wasu za su ƙi, haƙƙinsu ne. Mai binciken da ke tausasa takarda don kada iyaye su gudu yana cin amanar da na bayansa zai zo nema. Kuma lokacin neman izini shi ne tun uwa na kwance ana lura da cikinta, da harshen da take ji, ba bayan yaro ya faɗo ana gudu da shi ba.

Akwai wani gyara da na fi damuwa da shi, wanda ba a cika tattaunawa ba: ina ake yin binciken? Mafi yawan gwaje-gwajen nan a Amurka da Turai da Ostireliya aka yi su, alhali mafi yawan bakwaini a kudancin Asiya da Afirka kudu da Sahara ake haifarsu. Ɗaukar sakamako daga can a dasa a nan shi ma gwaji ne marar rubutu. Dubi allurar nunar da huhu da ake yi wa mai naƙudar da ta zo kafin lokaci. Graham Liggins da Ross Howie suka tabbatar da amfaninta a Niyu Zilan tun 1972, likitoci suka yi ta jan ƙafa fiye da shekara ashirin kafin ta zama ruwan dare. Da ta karɓu, sai aka ce a baza ta ko'ina. Gwajin ACT da aka buga a 2015 ya kai ta ƙananan asibitoci da hannun ungozomomi a Ajantina, Gwatemala, Indiya, Kenya, Pakistan da Zambiya, sai mutuwar jarirai ta ƙaru da kusan 3.5 a kowace mata 1,000. Ba na'urar hoton ciki da za ta tabbatar da watannin, don haka mata da yawa da aka yi wa allurar ba bakwaini suka haifa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake gwadawa a asibitoci 29 na Bangladesh, Indiya, Kenya, Najeriya da Pakistan, inda ake tabbatar da makonnin ciki kuma akwai oksijin da CPAP. Sakamakon 2020, a kan mata 2,852: mutuwar jarirai ta sauka daga kashi 23.5 zuwa 19.6. Allura ɗaya ce, wurin ne ya bambanta.

CPAP ma haka. Mai araha, wadda bakin bututunta ke nutse cikin gorar ruwa yana ɓulɓula, zurfin ruwan ne ke ƙayyade matsin, ta yi abin a yaba a asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Blantyre a Malawi: rahoton 2014 ya nuna kashi 71 sun rayu, maimakon 44 na waɗanda aka ba oksijin kawai. Amma a ƙasar dai, wani gwaji a asibitin gunduma inda ba likita kullum, a kan yara masu ciwon namoniya da suka wuce wata ɗaya, an dakatar da shi tun bai kai ƙarshe ba, kuma mutuwa ta fi yawa a masu CPAP. Ba bakwaini ba ne, na sani, amma gargaɗin ya shafe su. Na'urar tana son mai tsotse majina daga hanci, mai gyara robar kada ta ci fatar hanci, mai sauke iskar da ta taru a ciki. Masu ba da tallafi sun fi son sayen na'ura, don ana iya ɗaukar ta hoto. Ma'aikaciyar jinya nawa ake bukata ga jarirai nawa, wannan ma tambayar bincike ce, kuma ta cancanci kuɗi kamar kowane sabon magani.

Ita kanta oksijin ba a gama da ita ba. A asibitoci da yawa tsurarta ake jona wa jariri daga tukunya, kashi 100, ba na'urar gauraya ta da iskar ɗaki, ba ma'auni a ƙafarsa, ba likitan ido da zai duba shi bayan 'yan makonni. Wani ƙiyasi na shekarar 2010 ya nuna jarirai kusan 20,000 sun makance ko ganinsu ya lalace sosai ta wannan ciwo a shekara ɗaya, akasarinsu a ƙasashe masu matsakaicin arziki inda aka buɗe sassan jarirai kafin a tanadi ma'aunai.