Mahaƙin kwal bai manta abin da Hillary ta faɗa ba

Tun ranar da Kamala Harris ta sha kaye a hannun Donald Trump a Nuwamban 2024, manyan jam'iyyar Democrat a Amurka ba su da hira sai ta yadda za su lallaso masu aikin ƙarfi su dawo gida kafin zaɓen fid da gwani na 2028. Wannan ba laifi ba ne. Abin da ya ƙona mini rai shi ne labarin da jaridar New York Times ta bayar a watan Mayun 2025, cewa wasu masu tsara wa jam'iyyar dabaru sun fito da shirin dala miliyan 20 domin nazarin kalmomi da salon maganar da ke jan hankalin maza a intanet. Wato za a zuba wannan kuɗi ne a koyo yadda direban tirela da mai walda suke magana, sai ka ce wani yare za a je koyowa a bayan dutse.

Raini ne tsagwaronsa. Masu wannan tunani sun ɗauka lebura ba ya lissafi idan zai zaɓi ɗan takara. A ganinsu, ka naɗe hannun riga, ka sa hular kwano a ɗauke ka hoto a bakin masana'anta, ka ɗan saki baki da ashar, shi ke nan ka saye shi. Mu ma nan mun san irin wannan magana, ita ce ake faɗa a falo mai sanyi bayan kowane zaɓe: ai talaka bai san ciwon kansa ba.

To, a je West Virginia, jihar mahaƙa kwal, ɗaya daga cikin jihohin da talauci ya fi yi wa katutu a Amurka. A zaɓen fid da gwani na Mayun 2008, Hillary Clinton ta lallasa Barack Obama a can, ta samu kusan kashi 67 cikin ɗari, shi kuma 26. Makonni kaɗan kafin nan an jiyo Obama a wani taron tara kuɗi a San Francisco yana cewa mutanen ƙananan garuruwan da ayyuka suka ƙaurace musu takaici ne ke sa su rungumar bindiga da addini. Maganar ta kai kunnen waɗanda aka yi dominsu. Shekara takwas bayan haka, Hillary ɗin nan dai ta koma neman ƙuri'a a jihar, Bernie Sanders ya kayar da ita a duka gundumomi 55, ko ɗaya ba ta tsira da ita ba. Me ya faru? A watan Maris na 2016, a wani zauren tattaunawa a Columbus ta jihar Ohio, ta ce za su raba mahaƙa kwal da kamfanonin kwal da dama da sana'arsu. Gaskiya ne ta ɗora da cewa ba za a manta da su ba, za a nema musu madadi. Amma wanda aka ce za a rufe masa wurin cin abinci ba ya tsayawa jin ƙarshen zance.

Da ta je garin Williamson neman sulhu, wani mahaƙi da aka sallama daga aiki ya tura mata hoton iyalinsa a kan tebur, ya tambaye ta yadda za ta faɗi waccan magana sannan ta zo tana cewa ita ƙawarsu ce. Ta ce suɓul da baka ne. Mutumin nan bai nemi ta canza lafazi ko tufafi ba. Bashi ya zo karɓa.

Za a ce ai wariyar launin fata ce ta kayar da Obama, ƙin mace kuma ya kayar da Hillary. Wariya tana nan, ban musanta ba, amma a 2008 ɗin ma ai mace ce da suka tara mata ƙuri'a.

Michigan ta fi ba ni sha'awa, don a nan ne kowane ɓangare ya ji kunya. A Maris 2016 ƙuri'un jin ra'ayin jama'a sun nuna Hillary na gaba da tazarar kusan maki 20, sai ga Sanders ya yi nasara da ƙyar. Bai yi wani siddabaru ba. Ya dai riƙa tuna wa ma'aikatan kamfanonin motoci yarjejeniyar cinikayya ta NAFTA, wadda ta fara aiki a 1994 zamanin mijinta Bill Clinton, wadda kuma suke ɗora wa alhakin kwashe masana'antu zuwa Meziko. Magoya bayan Sanders suka hau murna cewa leburori sun karɓi aƙidar gurguzu. Da 2020 ta zo, Joe Biden ya kayar da Sanders a zaɓen fid da gwani a duka gundumomi 83 na jihar. Ashe ba aƙida suka saya ba, wani tsohon ciwo suka rama, da suka gama kuma suka duba wa zai iya kayar da Trump.

Sannan wai wane ne ma'aikacin? Masu ƙididdiga a can sun saba auna shi da rashin digiri, masu sharhi kuma da an ambace shi sai su hango farar fata, namiji, da takalmin aiki. Matar da ke wanke tsofaffi a gidan jinya a South Carolina fa? Irinta ne suka ceto Biden a Fabrairun 2020, bayan ya zo na huɗu a Iowa, na biyar a New Hampshire, har an fara yi masa ta'aziyya. Ɗan majalisa Jim Clyburn na South Carolina ya fito ya ce sun san Joe, abin da ya fi muhimmanci kuma Joe ya san su. Kwana uku bayan nan Biden ya samu kusan rabin ƙuri'un jihar. Da tsohuwar zuma suka yi magani.

Kuma ko shugabanninsu ba sa iya kora su kamar tumaki. A Nevada, ƙungiyar ƙwadagon masu dafa abinci da masu gyaran ɗakuna a otal-otal da gidajen cacan Las Vegas ta mara wa Obama baya a 2008, amma mafi yawan rumfunan da aka kafa wa ma'aikatan a wuraren aikinsu Hillary ce ta ɗauke su. A 2020 shugabannin suka raba takardu suna gargaɗin cewa tsarin inshorar lafiya na Sanders zai rusa wanda suka sha wuya kafin su samu. Matan da ke gyaran gado suka karanta, suka fito lokacin hutun cin abinci da kayan aiki a jikinsu, da yawansu suka tsaya a layin Sanders. Suna da 'yan'uwa a gida da ba su da inshorar komai, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Jam'iyyar da ta tsayar da Harris ba tare da ta ci zaɓen fid da gwani ko a jiha ɗaya ba, yanzu ita ce ke neman ƙwararru su fassara mata bakin ma'aikata. An bar jaki ana dukan taiki. Su buɗe fili a 2028, manya su cire hannu, kowane ɗan takara ya je ya zauna a gaban mai hoton iyali ya amsa tambaya. Ba sai an kashe ko sisi a kan nazarin kalmomi ba.

Da nake wannan rubutu sai na tuna namu lebura ko damar rama ciwon bai samu ba. A Mayun 2022 daliget 371 ne suka ba Atiku Abubakar tikitin PDP, a Yuni kuma 1,271 suka ba Bola Tinubu na APC a Dandalin Eagle, inda kuɗin fom kaɗai ya kai naira miliyan 100. Wani zai ce 'yar tinƙe ce magani. APC ta yi ta a 2018, Buhari shi kaɗai a fili, aka sanar da ƙuri'a sama da miliyan 14, har yau ina cigiyar wanda ya ƙirga layin.