Nasiha ga Matasan Malamai daga Rayuwar Farfesa Fafunwa

'Yan'uwana matasa, musamman waɗanda suka fito daga kwalejin ilimi ko tsangayar ilimi ta jami'a suka riƙi alli, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu wadda ya kamata mu daina, wato "ina ɗan taɓa koyarwa ne kafin Allah Ya kawo aiki." Duk wanda ya faɗi haka ya shaida wa duniya cewa gangar jikinsa ce kawai a aji, zuciyarsa kuwa tana can ma'aikata ko ƙofar gidan wani ɗan siyasa, kuma yaran da ke zaune a gabansa su ne za su kwana a ciki. Saboda haka nake so mu dubi rayuwar wani malami da ya kai har kujerar ministan ilimi na tarayya, mu ga ta wace hanya ya bi da kuma abin da ya riƙa a hannu ranar da ya isa.

An haifi Aliyu Babatunde Fafunwa a Isale Eko da ke Legas a 1923. Ya yi karatu mai zurfi a Amurka har ya sami digirin digirgir a fannin ilimi a Jami'ar New York, ya dawo gida ya koyar a Jami'ar Najeriya ta Nsukka, daga baya ya koma Jami'ar Ife, kuma shi ne ɗan Najeriya na farko da ya zama farfesa a fannin ilimi. Da yawa daga cikinmu mun san sunansa ne ta littafinsa na tarihin ilimi a Najeriya da ya fito a 1974, wanda muka haddace don cin jarrabawa sannan muka ajiye. Bai zama minista ba sai a 1990, zamanin Janar Ibrahim Babangida, kuma a 1992 ya sauka. Allah Ya yi masa rasuwa a Abuja a watan Oktoban 2010.

Abin da ya fi cancanta mu tsaya a kansa shi ne aikin da ya soma a 1970. A wancan lokaci ya riga ya zama farfesa, yana da damar zama a ofis ya riƙa gabatar da maƙala a tarurruka, amma sai ya ja abokan aikinsa suka nufi wata makarantar firamare, St. Stephen's da ke Modakeke a Ife, domin su gwada wata tambaya da ta daɗe tana damunsa: shin yaron da aka koya wa dukkan darussa da harshen uwa tsawon shekara shida zai fi fahimta, ko kuwa zai koma baya a Turanci kamar yadda iyaye suke tsoro? Aka raba yara. Wani rukuni ana koya musu lissafi da kimiyya da nazarin zamantakewa da Yarbanci tun daga aji ɗaya har aji shida, Turanci kuwa darasi ne mai zaman kansa, ɗaya rukunin kuma aka bar shi a kan tsarin da aka saba, wato harshen uwa a shekaru ukun farko sannan a juya zuwa Turanci. Babu littattafan da za a yi wannan aiki da su, don haka sai da suka zauna suka rubuta su, suka ƙirƙiro kalmomin kimiyya da lissafi, suka horar da malamai, sannan suka faɗaɗa gwajin zuwa wasu makarantu, suka kuma ci gaba da bibiyar yaran shekara da shekaru. Sakamakon ya nuna cewa waɗanda aka koyar da Yarbanci ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, kuma galibi sun fi su a sauran darussa.

Wannan ita ce hujjar da ya shiga ofis da ita, kuma shi ya sa idan ya yi magana a kan harshen koyarwa ake saurarensa ko da ba a yarda da shi ba. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya: kujerar ba ta ba shi ikon shimfiɗa tsarin a faɗin ƙasa ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta riga ta tanadi koyarwa da harshen uwa ko harshen yanki a farkon firamare, amma akasari a takarda ta tsaya. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a shekaru shida na firamare, a Nuwamban 2025 kuma aka sanar da soke wannan mataki. Minista kan zo da nasa, wani ya zo ya warware, amma har yau duk mai jayayya a kan wannan batu, a gida ko a waje, sai ya waiwayi abin da aka yi a waccan makaranta ta Modakeke. A ganina shekarun da ya yi tare da malaman firamare sun fi shekarun ministansa nauyi nesa ba kusa ba.

Mu kuma fa? Shiga aji uku a yawancin makarantunmu na Arewa ka tsaya daga baya. Malami ya cika allo da Turanci, ya karanta, yara su amsa da ƙarfi har muryarsu ta kai bakin titi, amma idan ka ɗauki yaro ɗaya ka tambaye shi da Hausa abin da ya faɗa yanzu, sai ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rigarsa. A wasu makarantun ma har tara ake ci ko a yi bulala idan yaro ya yi Hausa. Abin takaici ne ƙwarai, domin harshen da ake buga jarida da shi tun 1939, lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya, wanda kuma ake nazarinsa har matakin digirin digirgir a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, ba zai kasa ɗaukar bayanin raba lamba ko yadda tsiro ke shan ruwa ba. Ba cewa nake a yi watsi da Turanci ba, yaranmu suna bukatarsa, amma a koya shi da kyau, kada a mai da shi katanga tsakanin yaro da fahimta.

Na san abin da za a ce: albashi bai isa ba, wani lokaci ma ba ya zuwa a kan kari, aji ya cika maƙil, babu kujeru. Duk gaskiya ne, kuma haƙƙinmu ne mu nemi gyara ta hanyar ƙungiyarmu da duk wata kafa ta halal. Amma yaron da ke gabanka ba shi ya riƙe maka albashi ba, amana ce iyayensa suka danƙa maka, kuma za a tambaye ka. Lokacin da aka yi wa malaman firamare jarrabawa a Jihar Kaduna a 2017 aka ce sama da 21,000 sun faɗi, an yi ta muhawara a kan adalcin jarrabawar, amma kunyar ta shafe mu duka, har da waɗanda ba su zauna mata ba.

Don haka, ɗan'uwa, ko 'yar'uwa, kada ka shiga aji ba tare da ka shirya darasinka ba, kuma ka ci gaba da karatu ko da ka sami takardar shaidar koyarwa. Ka ware littafi guda ka riƙa rubuta abin da ka gwada: yau na bayyana wannan darasi da Hausa, yara nawa suka gane, gobe na sake shi ta wata hanya, me ya canza? A ƙarshen zango ka zauna da malaman makarantarku ku kwatanta abin da kowa ya gani, ku daidaita kalmomin da za ku riƙa amfani da su a lissafi da kimiyya domin kada yaro ya ruɗe idan ya wuce aji na gaba, sannan ku kai wa shugaban makaranta da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma abin da kuka samu a rubuce.