Ƙwaya ɗaya ta hawan jini: a kawo ta inda talaka yake

Na ji daɗin wannan labari na binciken VERONICA da aka yi a Najeriya, aka fitar da sakamakonsa a 2024. An haɗa magungunan hawan jini uku, kowanne ɗan kaɗan, cikin ƙwaya ɗaya da za a sha sau ɗaya a rana, kuma jinin waɗanda suka sha ta ya fi sauka a kan na masu bin tsarin da aka saba. Abin da ya fi burge ni shi ne a kan mutanenmu aka gwada, ba a Turai ba.

Amma mu a nan Gombe matsalar ta wuce ƙwaya. Mutum zai yi shekaru jininsa ya haura 140/90, awon da daga nan ake cewa hawan jini ne, bai sani ba, domin ciwon ba ya sallama. In kai ya sara, sai a tura yaro kemis ya sayo farasitamol. Goggona takan sha maganinta sati biyu, da ta ji dama sai ta ɗaure sauran a leda ta ajiye, ta ce ai ta warke. Haka ake yi har ɓarin jiki ya shanye, sannan a kwashi mutum zuwa Asibitin Koyarwa, ko a ce iska ce ta buge shi.

Ga gishiri da magi da muke zubawa a miya ba awo, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da mutum ke ci ya kai giram 5 a rana.

Don Allah gwamnati ta sa na'urar awon jini a kowane asibitin sha-ka-tafi, daga Dukku har Kaltungo, ta kuma sauƙaƙa kuɗin maganin.