Karatunmu bai kamata ya mutu da mutuwar linki ba

Duk wanda ya taɓa neman tsohon karatun wani malami a intanet ya san wannan takaicin. A turo maka linki, ka danna, a ce maka fayil ɗin babu shi. Ko dai mai shafin ya kasa biyan kuɗin shekara an rufe, ko wanda ya ɗora ya goge saboda ma'ajiyarsa ta cika, ko kuma wayar da abin yake ciki ta lalace. Tafsirin shekaru masu yawa, laccocin jami'a, hirar dattawan da suka ga zamanin haƙar kuza a Jos da idonsu, duk a wuri ɗaya muke ajiye su, ranar da wurin ya tafi sun tafi. Abin yana ci mini rai, domin tun 2001 akwai hanyar da ke rage wannan asara, wato tsarin musayar fayil na BitTorrent, amma mu a nan ko ba mu san ta ba, ko mun san ta a matsayin kayan aikin ɓarayin fim kawai.

Yadda muka saba, fayil yana zaune ne a babbar kwamfuta guda, wato saba, kowa daga gare ta yake saukewa. Idan masu nema suka yi yawa sai ta gaji. Kowa ya ga haka ranar da aka saki sakamakon jarrabawa ko aka buɗe shafin ɗaukar aiki. A ɗaya tsarin kuwa, na musaya tsakanin masu amfani kai tsaye, kwamfutarka tana karɓa kuma tana bayarwa a lokaci guda. Mafi shahara a wannan fanni shi ne BitTorrent, wanda wani Ba'amurke mai suna Bram Cohen ya fitar a 2001.

Ku ɗauka malami ya shigo aji da takardar darasi mai shafi ɗari, kwafi ɗaya tak, ga ɗalibai ɗari. Idan kowa zai jira ya karɓi takardar gaba ɗaya ya kwafe sannan ya miƙa wa na gaba, sai zango ya ƙare ba a gama ba. Amma idan aka warware ta, kowa ya ɗauki shafi ɗaya ya kwafe, sannan suka shiga musaya, ba ni na bakwai in ba ka na arba'in, kafin la'asar kowa ya haɗa tasa. Malam ma yana iya tafiya gida, muddin kowane shafi yana hannun wani a ajin. Haka BitTorrent yake yi. Yana yanka fayil gunduwa-gunduwa, ka karɓi wannan gunduwa daga wani a Kano, waccan daga wani a Alƙahira, ta uku daga maƙwabcinka a Unguwar Rogo, kai ma kana miƙa wa wasu abin da ya riga ya iso gare ka. Shi ya sa a nan yawan masu nema yakan ƙara sauri, maimakon ya rage shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarun da aka saka don kada mutane su cuci juna. Kowace gunduwa tana da hatiminta, wasu lambobi da ake lissafowa daga ainihin abin da ke cikinta. Kafin ka fara saukewa an riga an ba ka jerin hatiman. Idan wani ya turo maka gunduwar da aka taɓa ko da harafi ɗaya ne, lissafin ba zai yi daidai ba, manhajar ta zubar da ita ta nemo wata. Ku yi tunanin amfanin wannan ga karatun malamai, a zamanin da ake yanke maganar mutum a liƙa ta inda bai faɗa ba. Sannan manhajar takan fara neman gunduwar da ta fi ƙaranci a hannun jama'a, don kada ta ɓace idan mai ita ya kashe kwamfuta. Kuma tana fifita wanda yake ba ta a kan wanda ya zo karɓa kawai.

To ta yaya kwamfutoci ke gano juna? Napster, da ya fito a 1999 don musayar waƙoƙi, yana da rajista guda a hannun kamfani, mai nuna wa ke da me. Kamfanonin waƙa suka kai ƙara, a 2001 aka rufe rajistar, komai ya tsaya. BitTorrent ma da farko ya dogara ne da wata kwamfuta mai haɗa masu nema da masu bayarwa, ita ba ta riƙe fayil, adireshi kawai take rabawa. Daga 2005 aka ƙara hanyar da ita kanta rajistar ake rarraba ta a tsakanin masu amfani, kowa ya riƙe ɗan yanki. Babu wani ofishi ɗaya da za a kulle abin ya mutu.

Mu fa wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Daga Bluetooth zuwa Xender, waya zuwa waya muke tura wa juna kaya ba tare da taɓa data ba, a kasuwar Taminus ta nan Jos, a tasha, a ƙofar masallaci bayan Juma'a. Bambancin shi ne wannan sai kuna kusa da juna, kuma babu hatimin da zai tabbatar maka abin da ka karɓa shi ne na asali.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiya. An yi amfani da wannan fasaha an kwashe gumin mutane ba adadi. Mu mutanen Jos ba sai an ba mu labari ba. A garin nan Hukumar Fina-finai ta Najeriya take da hedikwata, a nan makarantar koyon fim ta ƙasa take, kuma da yawanmu mun san wani mai ɗaukar hoto ko mai tace fim da sana'arsa ta durƙushe lokacin da kasuwar faifai ta mutu, fim ya koma abin da ake turawa a waya da kuɗin da bai kai na ruwan leda biyu-uku ba, ba tare da sisi ya koma ga wanda ya zuba jarinsa ba. Raba aikin mutum ba da izininsa ba cin haƙƙi ne, ko ta BitTorrent ka yi ko ta katin waya, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta shafi abin da ake yi a intanet. Wanda yake ganin a ɓoye yake ma ya sani, duk wanda kuke musayar fayil ɗaya da shi yana ganin adireshin intanet ɗinka. Hatimin nan kuma shaida ce kawai cewa fayil ɗin bai canza ba daga yadda aka ɗora shi. Idan tun asali mugu ne ya ɗora manhaja mai ƙwayar cuta, cutar za ta iso maka cikakkiya.

Amma masu aikin halal suna amfani da ita kullum. Masu yin Ubuntu da Debian, manhajojin kyauta da ke tafiyar da kwamfuta, suna raba su ta wannan hanya. Internet Archive, babbar ma'ajiyar littattafai da sautuka ta Amurka, ta fara ba da kayanta ta BitTorrent a 2012. Windows 10 ma, ta wata hanya makamanciyar wannan, yana iya karɓo gyare-gyarensa daga wasu kwamfutocin da suka riga suka sauke.

Inda gizo ke saƙa a wurinmu shi ne kuɗin data. Bayarwa tana cin data kamar yadda saukewa ke ci, kuma a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Ga matsalar wuta, ga batirin waya. Ba adalci ba ne a ce ɗalibin da ke lallaɓa gig ɗaya ya kai shi mako ya bar wayarsa a buɗe yana ciyar da duniya. Shi ya sa idan an sauke sai kowa ya rufe, fayil ya rasa mai riƙe da shi cikakke, ya mutu kamar yadda linki ke mutuwa.

Don haka kirana ba ga talaka mai waya ba ne. Ina magana ne da masu hali: sassan jami'a da kwalejoji, kwamitocin manyan masallatai, makarantun Islamiyya masu ofis, 'yan'uwanmu da ke Abuja masu intanet ɗin wata-wata marar iyaka a gida, da waɗanda ke ƙasashen waje. Tsohuwar kwamfuta guda, da ma'ajiya mai faɗi, da ɗan sola, sun isa. A fara da neman izinin malamin ko magadansa a rubuce, a tattara karatun daga kaset da faifai da wayoyin almajirai, a tsara shi da shekara da sunan littafi, sannan wurare uku ko huɗu su yi alkawarin barin kwamfutocinsu a kunne, ɗaya a Jos, ɗaya a Abuja, ɗaya a waje. Daga nan mai shago a Taminus ya sauke sau ɗaya, ya riƙa tura wa jama'a ta Xender yadda aka saba.