Jan biro ba faɗuwa ba ne

Ƙanwata da ke sakandare a nan Katsina ta dawo gida ido jajir: malamin Hausa ya cika labarinta da jan biro, ita kuwa a ganinta ta faɗi ke nan. Haka yara da yawa suke zato, wai wanda bai iya ba ake yi wa gyara. Alhali rubutun farko kamar ɗanyen gari yake, ko na gwani sai an tankaɗe.

Na karɓa na duba. Ya soke "sai" guda tara a sakin layi ɗaya, ya raba "yace" gida biyu, ya sa lanƙwasa inda ta rubuta "kasa" tana nufin ƙasa. Labarin kansa, zuwanta Daura ganin rijiyar Kusugu, ko taɓa shi bai yi ba.